A Ja Waya ko a Kafa Sabon Parabol? Gardamar Gidajen Haya a Bukoki

Wanda ya ratsa lungunan Bukoki a Yamai daga wajen kasuwar Katako, in ya ɗaga kai, gidaje iri biyu zai gani. Akwai gidan haya mai ƙofa takwas da faranti biyar ko shida jere a kan katanga da bakin kwano, kowanne da mai shi, alhali yawancinsu tauraro ɗaya suke kallo. Akwai kuma gidan da farantinsa ɗaya ne tak, sai dai wayoyi sun fito daga jikinsa sun bi kan rufi, sun sauka ta tagogi, wata ma ta tsallake katanga ta faɗa gidan maƙwabta. Mutanen gidan farko suna ganin na biyun ƴan son banza ne. Na biyun kuwa suna ganin na farkon kuɗi ne ya yi musu yawa. Gardamar ta daɗe a fadar samari da majalisar dattawa, kuma duk lokacin da sabon ɗan haya ya sauke kayansa sai ta taso: tunda akwai parabol a gidan, a ja masa waya, ko ya je ya kafa nasa?

Masu cewa a ja waya da aljihu suke farawa, kuma ba a raina hujjarsu. A 2012 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijar a kan sefa 30,047 a wata, ya kuma zauna a haka sama da shekara goma. Mafi ƙanƙantar abonmar Canal+ ta daɗe a kan jika biyar, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na wancan albashin, tun ba a zo kan kuɗin haya da na ruwa da na wuta ba. Bukoki unguwar ƴan kasuwa ce da masu sana'ar hannu da leburori, mutanen da abin da suka samo yau shi za a ɗora a murhu gobe. A ce wa irin wannan mutum ya sayi faranti da sandarsa da kansa, ya biya mai kafawa, bayan ga wani can a kan rufi yana shan rana shi kaɗai, bai ga dalili ba. Faranti ba ya ƙarewa don an kalle shi. Abin da yake tarowa daga sama bai san ko mutum ɗaya ke jira a ƙasa ko ashirin ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, ko da yake ba a cika ambatonta ba: rufin gidan. Kowane faranti sai an huda masa wuri, ko a kwano, ko a bango, ko a kafa masa ƙarfe a tsakar gidan da dama bai ishi shanya da girki ba. Daga Yuni zuwa Satumba, kafin ruwa ya sauka a Yamai sai iska mai jan ƙura ta riga shi, kuma faranti abu ne mai tare iska. Tana girgiza shi, shi kuma yana girgiza ƙusoshin da ke riƙe da shi, ramin yana faɗaɗa, har wata rana a wayi gari ruwa na ɗiga a kan katifar wanda ko tele ba shi da ita. Faranti shida, ramuka sun ninka shida. Ga kuma hawan rufi: duk sanda iska ta karkatar da na wani sai mai gyara ya hau, kuma wanda ya hau rufi a Bukoki gida uku yake gani a buɗe, da mata da ɗiya a tsakar gida. Ba a son haka, kuma rage yawan farantai yana rage shi.

Akwai ma abin da masu haɗa kai ke samu wanda mai kaɗaici ba ya samu. Taurarin da ake kamawa suna can nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, abin da ke isowa ƙasa daga gare su kaɗan ne ƙwarai, hadari mai nauyi kuma yana cinye shi a hanya. Maganin wannan faɗin faranti ne. Na santimita 90 ya ninka na santimita 60 fili fiye da sau biyu, na santimita 120 kuwa sau huɗu. Kuɗin da mutum shida za su watsa a kan ƙananan farantai shida, waɗanda duk za su ɗauke tare da zarar gari ya yi baƙi, zai sayi babba guda mai jure hadari. Masu neman tashoshin Larabawa da na karatun Alƙur'ani a kan Nilesat sun fi kowa sanin wannan, domin a nan ƙasar ƙaramin faranti ba ya yi musu.

In aka matsa musu, sai su koma ga addini da zaman tare. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin Abu Huraira wanda ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. In an so ka bar maƙwabci ya jingina azararsa da ginin da ka kashe wa kuɗi, ina ga waya mai kaurin ɗan yatsa? Malaman Malikiyya dai sun ɗauki wannan a matsayin abin so, ba su ce alƙali ya tilasta ba, don haka wanda ya ƙi bai ci haƙƙin kowa ba, ya dai bar alheri. Wani saurayi mai karance-karance zai ƙara da cewa talabijin ɗin waya gaba ɗaya da haka ya fara: wajen 1948, a garuruwan da duwatsu suka tare a Amurka, irin na jihar Fensilbaniya da garin Astoriya na Oregon, eriya ɗaya aka kafa a wuri mai tsayi aka ja wayoyi zuwa gidaje. Abin da ya zama babbar sana'a a can, in ji shi, shi ne ake yi wa talaka gori a kansa a nan.

To, sai a ji ta bakin masu gyara, domin su ne ake tasowa da tsakar dare in hoto ya ɗauke ana tsakar wasa, kuma da yawansu da sun ji an ce "ƙara mini waya" sai ransu ya ɓaci. Dalilinsu yana cikin ɗan abin nan da ke bakin sandar faranti, wanda suke kira tet, a jikinsa kuma an rubuta LNB. Mutane suna ɗauka tet kamar bakin famfo yake, ya zubo duk tashoshi cikin waya, kowa ya tara bokitinsa. Ba haka yake aiki ba. Tashoshin tauraro sun kasu: wasu ana aiko su a tsaye, wasu a kwance, su ne V da H da ake gani a jerin dikoda. Kowane kashi kuma ya rabu biyu, na ƙasa da na sama. Gida huɗu ke nan, kuma waya ɗaya gida ɗaya kawai take iya ɗaukowa a lokaci guda. Dikoda ce ke faɗa wa tet wanda take so, ta cikin wannan wayar dai: in ta tura wuta volt 13 ya ba ta na tsaye, in ta tura 18 ya ba ta na kwance, in ta ɗora wani siririn amo mai kilohaz 22 ya koma sashen sama. Da wannan wutar kuma tet yake rayuwa, ba shi da wata.

Yanzu a duba abin da ke faruwa a gidan mai mata biyu da ya aiki yaro Katako ya sayo ƴar marabar ƙarfe mai baki uku, ya yanke waya ya ɗaura, ya kai reshe ɗaya ɗakin uwargida, ɗaya ɗakin amarya, kowacce da dikodarta. Ranar farko lafiya lau, don duk tasha ɗaya suka kunna. Kashegari da dare amarya tana kallon Daɗin Kowa a Arewa24, uwargida ta ɗauki telekomand ta koma wata tashar wa'azi da ke ɗaya kashin, dikodarta ta tura wutar da ta fi ƙarfi, tet ya bi ta. Hoton amarya ya tsaya cak, ya farfashe, allo ya rubuta babu sigina.

"Yaya, ke kika taɓa wani abu?"

"Ni me zan taɓa? Ina ɗakina."

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta ɗauke hoton. Kafin maigida ya dawo daga masallaci an kai ga maganar da ba ta shafi tele ba. Da safe a kira mai gyara, ya hau ya duba faranti ya ga lafiyarsa ƙalau, ya sauko ya ce: "Alhaji, kan nan baki ɗaya gare shi, kai kuma ka ba shi iyayen gida biyu."

Abin da ke rikita mutane shi ne akwai gidajen da marabar ke yi musu aiki shekara da shekaru, su kuma rantse ba ta da aibi. Ba ƙarya suke yi ba. In duk tashoshin da ake kallo a gidan sun faɗo a kashi ɗaya, dikododin ba za su yi jayayya ba. Ga kuma sabo: a zamanin eriyar kan sanda, lokacin da Télé Sahel ce kaɗai abin kallo, raba waya ba ya kawo komai sai ɗan raguwar ƙarfi, har yau kuma haka abin yake ga mai kama tashoshin gida da eriya. Hannun da ya saba da waccan dabarar shi ne ya ɗauko ta ya kawo kan parabol, inda ba wurinta ba.

Ko an tsira daga wannan, akwai maganar wuta. Yawancin marabar arha ta baki ɗaya kawai suke barin wuta ta haura zuwa tet, don haka dikoda ɗaya ce ke ciyar da shi. Mai ita ya yi tafiya Maraɗi ya zare soket, duk gidan sai kallon bango. Kuɗin kontarsa ya ƙare, haka. An ga wannan sosai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi daga gare ta, Yamai ta shiga rabon wuta unguwa-unguwa na tsawon watanni. Waɗanda suka yi ƙoƙari suka sayi farantin sola da batir sun kunna telensu, amma wanda wayarsa ke rataye da dikodar maƙwabcin da ba shi da sola, batirinsa bai tsinana masa komai ba.

Sai ita kanta wayar. Mai kyau, wadda ake kira RG6, in aka fere ta za a ga jan ƙarfe a tsakiya, farin kumfa kewaye da shi, takardar alminiyom, sannan saƙar siraran wayoyi mai kauri, sai baƙar riga. Ta arha kuwa tsakiyarta baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kusanta mata maganaɗisu za ka ga ta manne, saƙarta kuma ƴan silalla ne da za ka iya ƙirgawa. Ko mai kyau ɗin tana shan sigina gwargwadon tsawonta. Mita ashirin ko talatin ba komai, amma in aka doshi ɗari abin da ke isa ƙarshe ɗan kaɗan ne daga abin da ya shiga, kuma kowace maraba mai reshe biyu tana rage fiye da rabi. Abin da ya fi kashe hoto a Bukoki ma ba tsawon ba ne, mahaɗa ce. Wayar ta gaza, sai a fere bakin biyu, a murɗe su da hannu, a naɗe da baƙar leda, a ɗaure da robar tayar keke, a yar a kan kwano. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a inuwa balle a kan kwano, ya gasa ledar ta tsage. Ruwan farko ya shiga, saƙar ta yi tsatsa ta koma kore, ruwan ya bi cikin wayar a hankali har bayan dikoda. Mai gidan kuma yana can yana zagin kamfani da tauraro.

Hujjar masu adawa da ta fi ba ni tsoro ita ce ta haɗari. Saƙar da ke cikin wayar tana haɗe da jikin kowace dikoda, don haka duk ɗakunan da aka ja wa waya an ɗaure na'urorinsu da igiyar ƙarfe ɗaya. Gidajen haya da yawa ba su da wayar da ke sauke wuta ƙasa. In tele ɗaya ta lalace tana zubar da wuta a jikinta, mai taɓa bakin waya a wani ɗakin zai ji ta fizge shi. In kuma wayar ta tsallaka zuwa gidan da ke kan wata kontar daban, abin ya ƙara muni. Tsawa ta faɗi kusa, maimakon dikoda ɗaya ta ƙone sai a yi asarar shida. Addinin da ya so a kyautata wa maƙwabci shi ne kuma ya hana cuta da cutarwa, kuma wanda ya ja wa maƙwabcinsa irin wannan waya bai san wanne daga ciki ya yi masa ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma in aka natsu za a ga laifin maraba ne da mugun aiki, bai taɓa farantin ba. Tun tuni masu ƙera tet suka yi mai baki biyu, mai huɗu, har mai takwas, kowane baki da ikon kansa: dikodar uwargida ta nemi na kwance, ta amarya ta nemi na tsaye, kowacce a ba ta nata, kuma ko wacce aka kunna ta isa ta ciyar da tet. Sharaɗin kawai shi ne kowane ɗaki a ja masa wayarsa tun daga sama har ƙasa, guda, ba yanki ba ɗauri. Gidan da ya fi ɗaki takwas akwai akwatin rabo da ake haɗawa da tet na musamman mai fito da gidajen tashoshin nan huɗu gaba ɗaya, irin wanda otal-otal ke sawa. Mai son tauraro biyu ko uku, akwai ɗan makunnin DiSEqC, tsarin da kamfanin Eutelsat ya fito da shi, wanda na farkonsa ke zaɓa tsakanin huɗu. Maganin tsawa da fizgar wuta kuma sananne ne: a dasa sandar ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da faranti da saƙar wayoyin kafin su shiga ɗakuna. A sa bakin ƙarfe mai murɗi a kowace mahaɗa a rufe shi daga ruwa. In za a huda bango a karkata ramin ya gangaro waje, a kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje, abin da mai ginin laka ya fi kowa bukata. Kada a ɗaure ta jiki ɗaya da wayar wuta. Ba wani sirri a ciki, kuma kuɗinsa bai kai na farantai shida ba. Abin da ke hana a yi shi ne mai kira yana son aikin jika ɗaya, mai gyara kuma yana tsoron in ya faɗi gaskiyar kuɗin a kira yaron da zai yi da leda.

Da a nan gardamar ta tsaya da an gama. Sai dai akwai wata wayar da ake ja wadda ba daga faranti take fitowa ba, daga bayan dikoda take fitowa. Mutum ɗaya ya biya abonma, ya ɗauki hoton da dikodarsa ta riga ta buɗe ya tura shi ɗakuna biyar, kowa yana ba shi wani abu a ƙarshen wata. A Abijan abin ya zama sana'a sosai har ana kiran irin waɗannan wayoyi gizo-gizo, a biranen Kamaru ma unguwanni da yawa da haka suke kallo. A nan ne masu goyon baya da masu adawa suke rabuwa da gaske, kuma a nan ne na ga ana cakuɗa magana da gangan, ana fakewa da halaccin raba faranti don a halatta raba abonma.

Masu yi suna da abin faɗa. Sun ce ba su fasa akwatin kowa ba, an biya kuɗin wata cif, abin da ya shigo ɗakin mutum kuma nasa ne. In ya halatta maƙwabta goma su shigo su zauna a tabarmata su kalli wasan ƙwallon Mena ta Nijar ko na Real Madrid da Barcelona, me ya haramta in miƙa musu hoton ta waya su kalla a ɗakunansu? Sun ce kuma kamfanin bai yi asara ba, don waɗannan mutane ko an hana su ba za su iya biyan jika biyar ba. Maganar tana da daɗin ji, rabinta ma gaskiya ce. Amma wanda ya karɓi dikoda ya karɓe ta ne a kan sharaɗin gidansa, ba don ya sake rarrabawa ba, kuma cika alkawarin ciniki ba sai an je makaranta ake saninsa ba, farkon Suratul Ma'ida ma da shi ta buɗe. Baƙon da ya zauna a tabarmarka baƙo ne. Wanda kake karɓar kuɗinsa duk wata abokin ciniki ne, kana sayar masa da abin da ba ka mallaka ba. Ba kamfanonin waje kaɗai abin ke taɓawa ba: daga kuɗin abonma ake biyan masu tasha, daga nan ya gangaro ga masu shirya fim da mawaƙa, irin waɗanda aka kafa hukumar BNDA don kare haƙƙinsu a Nijar. Mu da ke kukan satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano bai kamata mu ce wannan ba komai ba ne don kawai mu ke cin moriya.

Ko an ajiye doka da fiƙihu gefe, mai karɓar irin wannan waya ya sayar da ikon ɗakinsa da arha. Tasha ɗaya ce ke zuwa wa kowa, wadda mai telekomand ya zaɓa. Kana son labarun ƙarfe takwas da rabi, shi yana kallon kokowa. Wannan mai sauƙi ne, lokacin gasar takobi dama kowa Issaka Issaka yake son gani. Mai wuyar ita ce ranar da kake kasuwa, ɗiyanka suna gaban tele, samarin wancan ɗakin kuma suka juya zuwa abin da ba za ka yarda a kalla a gidanka ba. Mai dikodar kansa yana iya kulle tasha da lamba. Mai jiran hoton wani ba shi da ko wannan.

Inda nake ganin masu yi suna da hujja a kan kamfanoni shi ne gida ɗaya mai ɗakuna da yawa. Iyalin Bahaushe ba mata da miji da ɗiya biyu a falo ɗaya ba ne. Akwai ɗakin kowace mata, ga na tsohuwa, ga na samari a zaure, kuma duk tukunya ɗaya suke ci. A ce kowane ɗaki sai ya biya cikakkiyar abonma, an yi wa mai iyali tsanani. DStv ta gane haka, ta fito da tsarin XtraView wanda ke haɗa dikoda har uku a gida ɗaya kan abonma ɗaya da ɗan ƙarin kuɗi. Duk kamfanin da ke son a daina ja masa waya ta bayan gida, ya sauƙaƙa irin wannan ƙofar, ya kuma sanar da ita da Hausa da Zabarmanci, ba cikin ƙananan rubutun Faransanci a bayan takarda ba.

Wasu iyaye kuma adawarsu ba ta waya ba ce sam. Sun ce tele a kowane ɗaki ta kashe hirar dare, yaro ya shige ya rufe ƙofa ba a san me yake gani ba. Ina jin su, amma wayar salula ta riga parabol shiga ɗakin, kuma ita ba ta da ƙarar da uwa za ta jiyo daga tsakar gida. Haka masu cewa a bar wahala, intanet ta zo, Labarina ma a YouTube ake kallonsa, ga Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025. Mai faɗin haka bai lissafa abin da minti casa'in na ƙwallo ke ci a kuɗin data ba. Tashoshin kyauta na tauraro kuwa, in ka kafa faranti sau ɗaya, ba mai sake tambayarka ko dala.

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi kawo faɗa a gidan haya, kuma ba mai gyaran da zai iya masa: na wa ne farantin? Wanda ya kafa shi ya samu gida a Lazare ko Talaje zai tashi, ya hau ya kwance abinsa, ya bar wayoyi biyar suna reto. Tet ya ƙone, kowa ya ce ba shi ya ƙona ba. Biyu sun yi faɗa a kan layin famfo, da dare ɗaya ya sa almakashi. Masu cewa kowa ya kafa nasa a nan suka fi ƙarfi, don sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, gara ka yi asarar kuɗin faranti da ka yi ta maƙwabci. Amma duk waɗannan rigingimu tushensu ɗaya: farantin na ɗan haya ne. In na gidan ne, kamar ƙofar waje da masai, babu mai kwance shi, babu mai yi wa wani gori a kansa.

Ni dai ga inda na tsaya. A ja waya, amma daga tet mai baki da yawa, kowane ɗaki da tasa da dikodarsa, kowa kuma ya biya abin da yake kallo ko ya tsaya kan tashoshin kyauta. Marabar raba waya a bar wa eriya. Wayar da za ta tsallake katanga zuwa wata kontar a haƙura da ita, hoton dikoda kuma kada a sayar. Ku kuma masu gidajen haya na Bukoki, aikin nan naku ne. Rufinku ake hudawa, bangonku ruwa ke ci, ku ake kai wa ƙara in an yi faɗa. Lokacin da kuke gyaran gida kafin damina, ku kafa babban faranti ɗaya a wuri mai ƙarfi, ku sa a sauke masa wayar ƙasa, a ja wa kowace ƙofa tata ta cikin bututu, sannan ku faɗa wa duk mai shigowa tun ranar da zai karɓi makulli cewa ba a ƙara huda kwano a gidan.